Tashar San Javier: Darasi ga masu shirin jirgin cikin gari a Najeriya

A yammacin birnin Medellin na ƙasar Kolombiya, inda layin jirgin cikin gari da ake kira Layin B ya ƙare, akwai wata tasha mai suna San Javier. Tashar unguwa ce, wadda leburori da masu aikatau da ɗalibai da ƙananan 'yan kasuwa ke cika ta da asuba, su sake cika ta da magariba. An buɗe ta a watan Fabrairun 1996, kuma daga nan zuwa tsakiyar gari tafiyar kimanin kilomita 5 da rabi ce, tashoshi bakwai ke nan idan aka haɗa da ta farko da ta ƙarshe.

Wannan jarida na ganin ya kamata duk gwamna ko ministan da ke shirin kashe biliyoyin nairori a kan jirgin cikin gari ya san tarihin wannan tasha. Abin da tarihinta ya nuna shi ne, amfanin jirgi ga talaka yana tabbata ne a ƙofar tasha: shin zai iya isa gare ta daga gidansa cikin sauƙi, cikin aminci, da kuɗin da aljihunsa zai ɗauka? Idan amsar ita ce a'a, to komai kyan jirgin da tsawon dogonsa, na wasu ne.

Medellin shi ne birni na biyu mafi girma a Kolombiya. Yana da mutane kimanin miliyan 2 da rabi, kuma yana zaune ne a cikin wani kwari mai suna Aburra, tsakanin duwatsun Andes. Kasuwanni da masana'antu da ofisoshi da manyan asibitoci suna ƙasan kwarin, a gefen kogi. Talakawa kuwa, musamman waɗanda yaƙin cikin gida ya koro daga ƙauyukansu, sun yi gini ne a jikin tsaunuka, gida a kan gida, ba tare da tsari ko titin mota ba. An kasa birnin zuwa gundumomi 16 da ake kira komuna, kuma San Javier ita ce Komuna ta 13, wadda mazaunanta sun haura dubu 100.

An kafa kamfanin jirgin tun 1979, aka fara gini a tsakiyar shekarun 1980, aikin ya tsaya na tsawon shekaru saboda rikicin kuɗi da 'yan kwangila, sannan aka buɗe layin farko ranar 30 ga Nuwamban 1995. An yi wannan gini ne a lokacin da birnin ke cikin mafi munin halinsa. A 1991 kaɗai an kashe mutane sama da 6,000 a Medellin, kuma sai a Disamban 1993 ne jami'an tsaro suka harbe Pablo Escobar, uban dillalan hodar ibilis da ya addabi ƙasar. Har yau Medellin ne kaɗai birnin Kolombiya da jirgin metro ke aiki a cikinsa, domin na Bogota, babban birnin ƙasar, ana kan gininsa.

Abu na farko da ya kamata a lura da shi shi ne abin da ya biyo bayan buɗe tashar. Jirgi ya iso San Javier a 1996, amma rayuwar mutanen da ke saman tsauni ba ta sauya ba. Tashar tana gindin dutse, su kuma suna can sama. Tsohuwa mai ciwon gwiwa, ko mace mai goyo, ko wanda ya ɗauko buhun kaya daga kasuwa, dole ya hau ɗaruruwan matakalu kafin ya isa gida. A lungunan da yake bi, 'yan bindiga na ƙungiyoyin tawaye irin su FARC da ELN ne ke da iko, daga baya kuma mayaƙan sa-kai masu adawa da su suka shigo suna gwabza faɗa.

Shekaru shida bayan zuwan jirgin, unguwar ta zama fagen yaƙi. A watan Oktoban 2002, a farkon mulkin Shugaba Alvaro Uribe, sojoji da 'yan sanda sama da dubu suka afka wa Komuna ta 13 da motocin sulke da jirage masu saukar ungulu, a wani samame da aka sa wa suna Orion. An fatattaki 'yan tawaye, amma mayaƙan sa-kai suka maye gurbinsu, kuma mutane da dama suka ɓace ba a sake ganinsu ba. Duk wannan ya faru ne a unguwar da ke da sabuwar tashar jirgi mai tsafta a gindinta. Wanda ke tunanin shimfiɗa dogo kaɗai zai ɗaga unguwa daga talauci da rashin tsaro, ya tsaya ya yi nazarin waɗannan shekaru shida.

Sauyin da ake yaba wa Medellin a kansa a yau ya fara ne lokacin da hukumomin birnin suka juya hankalinsu daga dogo zuwa tazarar da ke tsakanin tasha da ƙofar gida. A 2004 suka buɗe layin motocin igiya na farko, wato ƙananan akwatuna masu ɗaukar mutum goma da ke tafiya a rataye a jikin igiyar ƙarfe, daga tashar Acevedo zuwa unguwar Santo Domingo da ke arewa maso gabashin birnin. A sauran ƙasashe an fi sanin irin waɗannan motoci a wuraren shaƙatawar masu kuɗi. A Medellin an mayar da su abin hawan ma'aikaci, aka haɗa su da jirgin ƙasa ta yadda fasinja zai sauka daga ɗaya ya shiga ɗaya ba tare da ya sake biya ba.

San Javier ta samu nata rabon bi da bi. A ƙarshen 2006 aka buɗe babban ɗakin karatu mai haɗe da filin shaƙatawa a kusa da tashar, aka sa masa sunan Jose Luis Arroyave, wani limamin coci da aka kashe a unguwar a 2002. A 2008 aka buɗe Layin J na motocin igiya, mai tsawon kilomita 2.7, wanda ya tashi daga cikin tashar San Javier ya haura ta Juan XXIII da Vallejuelos zuwa La Aurora. Aka tsara ƙananan motocin bas da ke ɗauko mutane daga lunguna su kawo su bakin tasha. Aka fito da katin biyan kuɗi mai suna Civica, wanda ke aiki a jirgi da motar igiya da bas, tare da rangwame ga ɗalibai da tsofaffi da masu buƙata ta musamman.

Sai kuma a Disamban 2011 aka buɗe matakalun lantarki a sashen Las Independencias, irin waɗanda ake gani a filayen jiragen sama, amma a fili, a tsakiyar gidajen talakawa. Tsawonsu mita 384 ne, an kasa su gida shida, kuma sun maye gurbin matakalun siminti sama da 300. Hawan da ke cin rabin sa'a ya koma na minti shida, kuma kyauta ne. Kuɗin da aka kashe a kansu bai kai dala miliyan 7 ba.

Akwai hujjar da ke nuna wannan salo ya yi tasiri. Wani bincike da aka wallafa a 2012 a wata mujallar kimiyyar lafiya ta Amurka ya kwatanta unguwannin da layin igiya na farko da ayyukan da suka zo tare da shi suka shafa da wasu unguwanni masu kama da su da ba su samu ba, tsakanin 2003 da 2008. Kisan kai ya ragu a duka ɓangarorin biyu, amma raguwar da aka samu a unguwannin da aka yi wa aiki ta zarce ta sauran da kashi 66 cikin 100. Masu binciken sun danganta hakan da dukkan abin da aka yi a kewayen tashoshin, kamar fitilun titi, gadojin ƙafa, filayen wasa, ɗakunan karatu da ofisoshin 'yan sanda, domin waɗannan ne suka sa mutane suka dawo kan titi suna harkokinsu. A 2013 aka zaɓi Medellin a matsayin birni mafi ƙirƙira a duniya, inda ya doke New York da Tel Aviv, a 2016 kuma ya karɓi lambar yabo ta Lee Kuan Yew da ƙasar Singafo ke bai wa birane.

Abu na biyu da ya cancanci a duba shi ne yadda aikin ya tsallake sauyin gwamnati. An fara ginin layin igiya na farko ne a zamanin magajin gari Luis Perez. Sergio Fajardo, malamin lissafi a jami'a wanda ya gaje shi a 2004, ba ɗan jam'iyyarsa ba ne, amma ya buɗe layin, ya kuma gina ɗakunan karatu da makarantu a kewayensa. Alonso Salazar da ya zo a 2008 shi ya kammala matakalun lantarki. Magadan gari uku ke nan a jere, kowanne ya ɗora a kan abin da ya tarar. Kamfanin jirgin kuma mallakar birnin Medellin ne da jihar Antioquia, rabi da rabi, yana da ma'aikatansa na dindindin da injiniyoyinsa, ba a rushe shi a sake kafawa duk bayan zaɓe.

Abu na uku shi ne tarbiyyar fasinja. Tun a 1988, shekara bakwai kafin jirgin farko ya tashi, kamfanin ya fara wani shiri na wayar da kai da ya kira al'adar metro. Ma'aikatansa sun bi makarantu da unguwannin da layin zai ratsa, suna bayyana wa jama'a yadda ake shiga jirgi, yadda ake bin layi, da dalilin da ya sa jirgin dukiyarsu ce. Yau baƙon da ya shiga tashar San Javier zai ga ba a cin abinci a cikin jirgi, ba a zubar da shara, ba a rubutu a jikin tarago, a birnin da bangon kowace unguwa ke cike da zane-zane. Wasu tashoshin ma suna da ƙananan ɗakunan aron littafi. Mutanen da aka tuntuɓa tun kafin a aza tubali sun ɗauki abin a matsayin nasu, shi ya sa suke tsare shi.

Adalci ne a faɗi inda abin ya gaza, domin Medellin ba aljanna ba ce. Gungun 'yan daba na nan a Komuna ta 13, suna karɓar kuɗin dole daga masu shaguna da direbobin bas. An kashe matasa mawaƙa da dama a unguwar a shekarun da ake gina waɗannan ayyuka. A saman unguwar akwai wani juji da ake zubar da ɓaraguzan gini mai suna La Escombrera, inda iyaye mata suka shafe sama da shekara 20 suna cewa a nan aka binne 'ya'yansu da suka ɓace bayan samamen 2002. Sai a Disamban 2024 ne masu tono, ƙarƙashin umarnin kotun musamman da aka kafa bayan yarjejeniyar sulhun 2016, suka fara gano ƙasusuwan mutane a wurin. Matakalar lantarki ta sauƙaƙa wa waɗannan mata hawa gida, amma ba ta amsa musu tambayar da ke ci musu rai ba.

Haka nan, shahararren ɗakin karatun nan na Espana da aka buɗe a Santo Domingo a 2007, wanda hotonsa ya zagaye duniya, an rufe shi a 2015 saboda lahanin gini, ya shafe shekaru a rufe. A watan Yunin 2024 wata motar igiya ta faɗo a tashar Popular, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata, layin ya tsaya na makonni. Da safe layin masu jiran motar igiya kan yi tsawo har wajen tasha, domin ba ta ɗaukar jama'a kamar jirgin ƙasa. Matakalun Las Independencias kuma sun zama wurin yawon buɗe ido, inda dubban baƙi ke sauka a tashar San Javier don kallon zanen bango. Hakan ya kawo ciniki ga wasu, ya kuma kawo cunkoso da hayaniya da tsadar haya ga wasu.

Akwai kuma maganar bashi. Ginin layukan farko ya ci ninkin abin da aka ƙiyasta, kuma birnin da jiharsa suna biyan kasonsu ne daga harajin man fetur da na taba, biyan da zai ɗauki gomman shekaru nan gaba. Jikokin waɗanda suka sa hannu a kwangilar za su ci gaba da biya. Abin da ya sa jama'ar Medellin ke jure wannan nauyi shi ne suna hawa jirgin kullum, suna ganin abin da suke biya.

To, me ya haɗa mai karatu a Kano ko Kaduna ko Abuja da wata tasha a Kudancin Amurka? Abin da ya haɗa su shi ne mu ma mun shiga wannan hanya, kuma mun riga mun ga abin da ke faruwa idan aka manta da ƙofar tasha.

A watan Yulin 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da jirgin cikin gari na Abuja, mai tsawon kimanin kilomita 45 da tashoshi 12, wanda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina a kan kuɗi sama da dala miliyan 800, ciki har da rancen dala miliyan 500 daga bankin Exim na Sin. Da aka fara aiki, tashoshi kaɗan ne ke karɓar fasinja. Da yawa daga cikinsu suna tsaye ne a cikin fili, babu titin kirki da ya kai gare su, babu motar da ke kai mutane. Hanyar Nyanya da Mararraba da Masaka, wadda ita ce ta fi ɗaukar ma'aikatan da ke shiga Abuja kowace safiya, layin bai bi ta can ba. A 2020 annobar korona ta sa aka dakatar da jirgin, ya shafe kimanin shekara huɗu a ajiye, ɓarayi suka yi ta cire wayoyi da kayan aiki, bashin kuwa yana nan yana jiran biya.

Da aka zo farfaɗo da shi, cikin manyan ayyukan da Ma'aikatar Babban Birnin Tarayya ta yi akwai gina titunan shiga tashoshin, wato abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Shugaba Bola Tinubu ya sake buɗe layin ranar 29 ga Mayun 2024, aka kuma bar jama'a su hau kyauta na tsawon watanni. Wannan gyara ne mai kyau, kuma ya cancanci yabo. Amma har yanzu tambayar San Javier na nan a kan tashoshin Gwagwa da Dei-Dei da Kagini da Gbazango: mutumin da ke cikin lungun Kubwa, nawa zai kashe a babur ko keke kafin ya iso tasha, kuma idan ya sauka a tsakiyar gari, me zai kai shi ofis? Idan jimillar kuɗin da lokacin sun zarce na motar haya da ke tsayawa a bakin titinsu, zai koma wa motar haya, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Legas ta fi fahimtar wannan batu. Bayan soke aikin jirgin da Gwamna Lateef Jakande ya faro, wanda gwamnatin soja ta yi a 1985, birnin ya jira kusan shekara 40 kafin Shuɗin Layi ya fara jigila daga Marina zuwa Mile 2 a watan Satumban 2023, Jan Layi kuma daga Agbado zuwa Oyingbo a 2024. Katin Cowry ɗaya ne ake biya da shi a jirgin ƙasa da manyan bas da jirgin ruwa, kuma akwai hukuma guda, LAMATA, da ke tsara sufurin tun farkon shekarun 2000. Da sauran aiki a gabansu, amma sun kama hanyar.

Yanzu ana maganar jirgin cikin gari a Kano da Kaduna, kuma Gwamnatin Tarayya ta bayyana cewa za ta tallafa. Wannan jarida na goyon bayan shirin. Birni mai yawan jama'ar Kano, wanda tun bayan hana acaɓa a 2013 ya dogara kacokan a kan adaidaita sahu, yana buƙatar abin hawa mai ɗaukar dubbai a lokaci guda. Sai dai Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, kuma lokacin yin waɗannan tambayoyi shi ne yanzu, kafin a sa hannu a takardar bashi.

Wani zai ce Kano shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, ba ta da tsaunukan Medellin, don haka ba ta buƙatar motar igiya ko matakalar lantarki. Gaskiya ne, kuma babu mai cewa a kwafo su. Amma kowane birni yana da abin da ke tare talaka daga isa tasha. A Kurna ko Rimin Kebe ko Ɗorayi, abin da ke tare shi shi ne lungun da ruwa ke cikawa da damina, kwatar da ba ta da murfi, duhun da masu ƙwacen waya ke fakewa a ciki, da babban titin da ba shi da gadar tsallakawa. Ga mace mai zuwa aiki asibiti da asuba, mita 500 na duhu sun isa su hana ta hawa jirgi. Magance waɗannan aikin kwalbati ne da fitila da daɓen hanya, abubuwan da injiniyoyinmu da magina na gida suka iya.

Wani kuma zai ce kuɗi ba su da yawa, a fara shimfiɗa dogon tukuna, sauran su biyo baya. Abuja ta riga ta amsa wannan. Abin da aka bari sai daga baya shi ne ya kwantar da aikin gaba ɗaya. Kuma lissafin ba ya goyon bayan wannan uzuri: matakalun Komuna ta 13 ba su kai kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin jirgin Abuja ba. Ayyukan kewayen tasha su ne mafi araha a cikin kwangilar, su ne kuma ake fara yankewa, saboda ba su ne ake ɗauka a hoto ranar yanke kyalle ba.

Don haka muna kira ga gwamnatocin Kano da Kaduna, da Ma'aikatar Sufuri ta Tarayya, da su yi abubuwa kamar haka.

Su wallafa taswirar layin da wurin da kowace tasha za ta zauna, tare da ƙiyasin yawan mutanen da ke zaune a tazarar tafiyar minti goma a ƙafa daga kowacce. Tashar da aka aza a inda fili ya fi arha, ko a inda wani babba ke da fuloti, za ta tona kanta a wannan lissafi. A kai taswirar gaban masu unguwanni da dagatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na mata, a saurari ƙorafinsu tun ana iya gyara.

Su sanya titunan shiga tasha da magudanan ruwa da fitilu da gadojin ƙafa da banɗakuna a cikin kwangila ɗaya da dogon, a kuma rubuta cewa ba za a karɓi tasha daga hannun ɗan kwangila ba sai waɗannan sun kammala. A tanadi hanyar keken guragu da wurin zaman tsofaffi, a kuma duba ware tarago ga mata, kamar yadda ake yi a jirgin birnin Alƙahira.

Su zauna da ƙungiyoyin masu adaidaita sahu da direbobin bas tun yanzu. Waɗannan dubban magidanta ne da za su ɗauki jirgin a matsayin mai ƙwace musu abinci idan aka yi watsi da su, alhali su ne za su iya zama masu kawo masa fasinja daga lunguna. A ware musu wurin tsayawa a kowace tasha, a tsara farashin da zai sa kuɗin adaidaita da na jirgi a haɗe kada su fi ƙarfin ma'aikaci mai ƙaramin albashi.

Su yi wa masu talla da masu shayi da masu sayar da abinci tanadi. Duk inda jama'a ke taruwa a ƙasar Hausa kasuwa za ta ci, ko an so ko ba a so ba. Gara a zana musu rumfuna a tsarin tashar, su biya haya kaɗan da za ta taimaka wajen share wurin, da a bar su su toshe ƙofa sannan a riƙa aiko musu da jami'an kora.

Su biya diyya ta gaskiya, kuma kafin rusau, ga duk wanda layin zai ci gidansa ko shagonsa. Unguwar da aka fara da zaluntarta ba za ta tsare wayar jirgi daga ɓarawo ba.

Su kafa hukumar gudanarwa da doka, mai asusun gyara da ba ya jiran sa hannun gwamna, mai ma'aikatan da aka ɗauka bisa cancanta, ta yadda aikin zai rayu bayan wanda ya fara shi ya bar kujera. Jihohinmu cike suke da ayyukan da aka yasar don kawai na wanda ya gabata ne, kuma jirgin ƙasa da aka ci bashi aka gina ya fi ƙarfin a yi masa wannan wasa.

Kaduna na da misali a hannunta. Tashar Rigasa, wadda ta fara aiki a 2016 a layin Abuja zuwa Kaduna, tana cikin ɗaya daga unguwanni mafi yawan jama'a a jihar. Kafin a zana sabon layi, ya kamata gwamnati ta aika masu bincike su tambayi mazauna Rigasa abin da tashar ta ƙara musu a waɗannan shekaru, da abin da ya rage, a kuma bayyana sakamakon ga jama'a.

Nauyin ƙarshe yana kan 'yan majalisun dokokin jihohin biyu da na tarayya, domin ta gabansu duk wata buƙatar rance za ta bi. Idan takardar ta zo, kowane ɗan majalisa ya nemi a nuna masa tashar da ta fi kusa da mazaɓarsa, ya taka da ƙafarsa daga can zuwa cikin unguwa bayan sallar isha'i, sannan ya dawo ya kaɗa ƙuri'arsa.